Giyar da Baba ya ba ni, da motar da nake haɗawa

*Assalamu alaikum. Na daɗe ina haɗa wata 'yar mota da hannuna, mai kujera biyu, irin samfurin Lotus Seven. Na gama waldar firam ɗin, kuma a lissafina nauyinta ba zai wuce kilo 600 ba. Injin da na samu Ford Duratec ne mai lita 2.0, an ciro shi daga Focus, wadda tayoyin gaba ke ja. Tawa kuwa tayoyin baya ne za su ja, don haka giyar da ya zo da ita ba za ta yi ba. Mahaifina tsohon bakanike ne. Da ya ga inda na tsaya, sai ya ɗauko wata giya mai hawa biyar ta a-kori-kura mai injin dizal, wadda ya daɗe yana ajiye da ita, ya ce ya ba ni, wai ba za ta taɓa mutuwa ba. Ya ce a yanka faranti a haɗa ta da injin. Na duba, giyarta ta ɗaya wajen 4.3 ce, wato injin ya juya sau 4.3 kafin sandar da ke fita daga giyar ta juya sau ɗaya, ta biyu 2.3, ga nauyi ga faɗi. Abokina kuma ya dage sai dai in nemi mai hawa shida ta Nissan 350Z. Mai ɗakina ta fara cewa motar nan rami ce marar ƙasa. Zuciyata ba ta kwanta da giyar Baba ba, amma ban san da wane baki zan faɗa masa ba, domin shi ya fara ɗora min sifana a hannu, kuma kullum sai ya tambaye ni ko na ɗaura ta. Har na fara guje wa zancen. Me ya kamata in yi?*

*Wani mai karatu*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da ƙoƙari, domin wanda ya kai ga gama firam da hannunsa ya wuce inda akasarin masu wannan buri suke ajiye kayan aiki. Zan fara da ƙarfen, in dawo kan mutanen, saboda idan ka tabbatar wa kanka abin da ya dace da motar, maganar da za ka yi da Baba za ta zo da sauƙi fiye da yadda kake tsoro.

Zuciyarka ba ta yi maka ƙarya ba. Giyar a-kori-kura ba ta dace da motarka ba, kuma lambobin da ka aiko sun isa hujja. Bari mu ɗauka tayarka 195/50 R15 ce, wadda masu irin wannan mota suke yawan sawa. Tsayinta milimita 576 ne, kewayenta wajen mita 1.81. Mu ce kuma aksul ɗin baya 4.1 ne, wato sandar da ke shigarsa ta juya sau 4.1 kafin taya ta juya sau ɗaya. Idan ka sa giya ta ɗaya mai 4.3, ka taka totur har injin ya kai juyi 6,000 a minti, gudunka bai wuce kilomita 37 a awa ba. Kafin ka gama tashi, giyar ta ƙare. Ka jefa ta biyu mai 2.3, sai juyin injin ya faɗo wajen 3,200. A wurin injin dizal wannan ba komai ba ne, domin ƙarfin jansa a ƙasa yake, tun yana juyi kaɗan yake tura kaya. Duratec ɗinka kuwa sai ya haura 4,000 yake nuna cikakken ƙarfinsa. Duk canjin giya zai jefa shi inda ba shi da kuzari, sai ka jira ya sake hawa. An yi wa waccan giyar tazara mai faɗi ne don ta tayar da mota mai kaya daga tsaye, ko a kan tudu, kai kuwa motarka ba ta da nauyin da za a yi wa wannan tanadin.

Wani zai ce a canja aksul. Gaskiya ne, in ka sa mai 3.3, giya ta ɗaya za ta kai ka wajen kilomita 46. Amma aksul yana ɗaga dukkan giyoyin ne tare, bai iya matse tazarar da ke tsakaninsu. Faɗuwar nan daga 6,000 zuwa 3,200 tana nan yadda take.

Sai batun ƙarfi, wanda shi ne hujjar Baba, kuma hujja ce ta mai sani. Abin da ke karya giya ƙarfin juyi ne, ba yawan dawakin da aka rubuta a takarda ba. Injinka, a yadda ya fito cikin Focus, ƙarfin juyinsa wajen 185 Nm ne (Nm ma'aunin ƙarfin juyi ne). Ƙari a kan haka, mota marar nauyi tana tausaya wa giyarta: in ka saki kuloci da ƙarfi, tayoyi ne za su fara zamewa kafin haƙoran giya su ji jiki. A mota mai tan biyu da kaya a baya, taya ba ta zamewa, duk wahalar a kan giya take sauka. A can Baba ya koyi cewa giya mai kauri ita ce giya, kuma a can gaskiyarsa ce. A motar kilo 600, ƙarfin da ya wuce buƙata nauyi ne kawai da za ka riƙa yawo da shi.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a lissafi sai an zauna a kujera. A irin samfurin da kake haɗawa, giya tana kwance ne tsakanin ƙafafun direba da na fasinja. Duk santimita ɗaya da ta ƙara a faɗi, daga wurin ƙafarka aka cire shi, kuma a wannan ɗan lungun ne feda uku za su zauna: kuloci, birki da totur. Direban da takalminsa ke taɓa birki da totur lokaci guda ba ƙaramin haɗari yake ciki ba. Wannan kaɗai ya isa a ajiye giyar da ta yi faɗi.

Da wannan ma'aunin za ka auna shawarar abokinka. Giyar Nissan 350Z, musamman wadda ake kira CD009, ta yi suna wajen juriya, shi ya sa masu injina masu turbo suke rububinta. Amma an yi ta ne don injin V6 mai lita 3.5, babba ce, mai nauyi, kuma ita ma sai da farantin haɗi. Matsalar giyar Baba ce a cikin sabuwar riga. Hawa shida ba ya ƙara wa mota gudu don kansa, yana dai matse tazara ne, kuma mota marar nauyi mai injin lita biyu ba ta cika buƙatar hakan ba. Ka yi wa abokinka godiya, ka wuce.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Hanya mafi aminci ita ce ka nemi giyar da masana'anta suka riga suka ɗaura wa dangin injinka, kuma a nan ka yi sa'a. Duratec mai silinda huɗu na lita 2.0 da injin MZR na Mazda gida ɗaya suka fito. Mazda MX-5 ta ƙarni na uku, wadda ake kira NC, da ta fito a 2005, da wannan injin take aiki, a kwance daga gaba zuwa baya, tayoyin baya na ja. Wato giyarta tana kama bayan injinka, ramukan noti suna faɗawa daidai, ba tare da an yanka faranti ba. Mai hawa biyar ɗin tana da 3.136 a ta ɗaya, 1.888 a ta biyu, 1.330 a ta uku, ta huɗu ɗaya da ɗaya, ta biyar 0.814. Maimaita lissafin ɗazu ka gani: ta ɗaya za ta kai ka kusan kilomita 51 a juyi 6,000, in ka shiga ta biyu kuma injin zai sauka wajen 3,600 ne kawai. A kan babbar hanya, a kilomita 100 cikin giya ta biyar, injin zai riƙa juyi kusan 3,070, wanda ba ihu ba ne kuma ba kasala ba. Kamfanin Caterham, wanda ya sayi haƙƙin ƙera Seven daga Lotus a 1973, shi ma yana haɗa Duratec da giyar Mazda mai hawa biyar a wasu motocinsa. Mutanen da suka shafe shekaru suna wannan sana'ar sun bi ta nan, ba ka da dalilin sare sabon daji.

Ka kula dai, ba kowace giyar MX-5 ba ce. Na ƙarni na farko da na biyu, daga 1989 zuwa 2005, wani injin ne daban a gabansu, wuyansu, wato ɓangaren da ke haɗa giya da bayan injin, ba zai kama Duratec ba. In ka je saye, ka tabbatar daga wace mota aka ciro ta, kada ka dogara da cewa sun yi kama.

In ba ka samu ta ba, akwai Ford Type 9, tsohuwar giya mai hawa biyar ta Sierra, wadda masu haɗa mota a gida suka daɗe suna amfani da ita don siririya ce. Sai dai wuyanta na asali ba ya kama Duratec, dole ka sayi wuyan da aka ƙera musamman don wannan haɗin. Ta injin silinda huɗu tana da 3.65 a ta ɗaya da 1.97 a ta biyu, tazarar da mutane da yawa ke kuka da ita, kuma shekarunta sun ja, da wuya ka samu wadda ba ta buƙatar a buɗe ta. Zaɓi na biyu ce, ba na farko ba. Akwai ma masu barin injin da giyarsa ta asali su mayar da su bayan kujera gaba ɗaya, yadda Toyota ta yi a MR2, amma tunda ka riga ka yi walda, wannan ƙofar ta rufe.

Bari in ɗan tsaya kan farantin haɗi, domin Baba zai ce ai ba wani abu ba ne, an sha yi. An sha yi kam. Amma faranti ba ramukan noti kaɗai ba ne. Dole tsakiyar sandar da ke shiga giya ta zo daidai da tsakiyar karanshaf, wato babbar sandar da ke juyawa a cikin injin, kuma kuskuren da aka saba yarda da shi bai wuce kashi biyar cikin dubu na inci ba, wato wajen milimita 0.13. Ba a samun wannan da ruwan ido ko da alli da abin huda na hannu, sai injin sassaƙa ƙarfe da agogon awo. In ya kauce, motar za ta yi tafiya, shi ne ma abin da ke ruɗar mutane. Sai bayan wani lokaci boris ɗin gaban giya ya fara kuka, giya ta riƙa fita da kanta, kuloci ya riƙa cinyewa ta gefe ɗaya. Bayan haka kaurin farantin yana janye giyar baya, sai sandar ta kasa isa mazauninta, a koma neman abin cike gurbi. Sai a nemo faifan kuloci wanda tsaginsa ya dace da sandar giyar, faɗinsa kuma ya dace da filawil, wato babban faifan ƙarfen da ke bayan injin. Sai kik, wanda dole haƙoransa su kama filawil a inda ya koma. Kowane ɗaya aiki ne da kuɗi, kuma kowane ɗaya wuri ne da kuskure zai iya ɓuya. Kyautar da aka ba ka kan iya fin wadda za ka saya tsada kafin a gama.

Ko da giyar Mazda ka ɗauka, kada ka ɗauka aiki ya ƙare. In da hali, ka sayi giyar tare da filawil, kuloci, kik, silindar kuloci da sandar canji, duk daga mota ɗaya, domin ƙananan kayan nan ne ke cin lokaci in aka zo nemansu ɗai-ɗai. Ka leƙa ƙarshen karanshaf ɗin injinka. Injinan da suka fito daga motoci masu jan gaba galibi ba su da ɗan ƙaramin boris ɗin da ke riƙe kan sandar giya, don giyarsu ba ta buƙatarsa. Taka tana buƙata, kuma mantawa da shi na nufin sake sauke komai. Kaskon baƙin mai ma abin dubawa ne. An tsara shi ne don injin da ke zaune a gicciye, kuma zurfinsa na iya sa ya kusa taɓa ƙasa a mota mai gajeren tsayi irin taka. Farfela kuwa, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksul ɗin baya, kada ka ba da a yanka sai injin da giya da aksul duk sun zauna a mazauninsu na ƙarshe, sannan a auna. Kusurwar gaɓoɓinta biyu ta zama ɗaya, tsakanin digiri 1 zuwa 3, a kuma daidaita mata nauyi a inji. Ka yi mata zoben ƙarfe a jikin firam wanda zai tare ta in ta tsinke, domin a gefen cinyarka take juyawa. Wannan kada ka yi ciniki a kansa. Sannan ka nemi sanin ƙa'idar hukumar da ke duba motoci a ƙasarka tun yanzu, kuma ka adana takardun sayen injin da giyar.

To, Baba. Ka ce ka fara guje wa zancen, kuma a ganina wannan ya fi ƙin karɓar giyar ciwo. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin motoci ba ya kasa gane lokacin da ake kauce masa. Yana iya ɗaukar shirun naka a matsayin ka raina iliminsa, alhali kai girmamawa ce ta ɗaure maka harshe. Ban san zuciyarsa ba, kai ka san shi, amma tambayar da yake yi kullum ba lalle ta tsaya kan giyar kaɗai ba. Ɗansa yana yin aikin da shi ya koya masa, a gabansa, kuma abin da yake da shi na bayarwa ke nan a hannu. Mai yiwuwa abin da yake so shi ne a ce da shi aka yi.

Kada ka je masa da hukunci, ka je masa da aiki. Ka ce, "Baba, ina so mu gwada giyar nan a firam kafin a yanka komai, ka zo ka duba min." Ku ɗaga ta tare, ku ajiye ta a inda za ta zauna a bayan injin, a tokare ta da katako. Ka sa kujera, ka jera fedojin ko da na wucin gadi ne, ka roƙe shi ya zauna ya taka. Ka nuna masa inda sandar canji ta faɗo, domin a giyar a-kori-kura sau da yawa tana fitowa ne can gaba, inda hannun mai zaune a ƙasa ba zai kai ba. Daga nan ka fito da takardar lissafinka, ka tambaye shi yadda yake ganin injin fetur zai yi da wannan tazarar. Tambaya ta gaskiya nake nufi, ba tarko ba, ka kuma saurari amsar. Bakanike ya fi yarda da abin da ya auna da hannunsa fiye da abin da aka gaya masa, kuma akwai kyakkyawan zaton shi da kansa zai riga ka cewa ba za ta yi ba. In hakan ta faru, kada ka ce dama ka sani.

In kuma ya dage, to ka faɗa masa a fili, cikin ladabi, sau ɗaya: ka gode da kyautar, ka san darajarta a wurinsa, amma kana tsoron wurin ƙafa da birki, don haka za ka nemi wadda aka yi wa injin. Ka jingina maganar da lafiyar wanda zai tuƙa, domin wannan ba abin da uba zai yi jayayya da shi ba ne. Zai iya yin ɗan fushi na kwana biyu. Wannan ya fi ka ɗaura abin da ba ka yarda da shi ba, ka riƙa tuna shi duk lokacin da ka canja giya, ko kuma ka ɓoye masa ka saya a bayan idonsa ya zo ya tarar.

Kuma akwai gurbin da babu wanda zai cike shi kamar shi. Giyar da za ka saya ta hannu ce, ba ka san irin wahalar da ta sha ba. Ka tafi da shi. Shi ya san yadda ake juya sandar gaba da hannu a ji ko boris na gurnani, a girgiza ta a ji ko ta yi sako-sako, a shiga kowace giya ɗaya bayan ɗaya har da ribas. Shi zai zuba man a tafin hannu ya gane ƙyallin tagulla, alamar zoben da ke daidaita shigar giya ya cinye, ya bambanta shi da ɓarɓashin ƙarfe, wanda ke nufin haƙori ne ya ci. Wannan ilimin ba ka da shi kamar yadda yake da shi, kuma da gaske kana buƙatarsa, ba lallashi ba ne. Ranar ɗaurawa ma ka bar masa saita kuloci da ɗaure filawil. Ita kuwa giyarsa, kada ka sayar da ita, kada ka bar ta a ruwa. Ka wanke ta, ka zuba mata mai, ka toshe bakunanta, sannan ka tambaye shi abin da yake so a yi da ita.

Saura mai ɗakinka, wadda ka ambata a layi ɗaya ka wuce, alhali tana da gaskiya fiye da yadda ka ba ta. Wanda ke kallon irin wannan aikin daga waje ba ya ganin ci gaba, kaya kawai yake gani suna shigowa. Abin da ke tayar da hankali shi ne rashin sanin iyaka. Ka zauna ka rubuta duk abin da ya rage kafin motar ta taka ƙasa, da kiyasin kuɗin kowane ɗaya, ka ƙara wani abu don abin da ba a zata ba, ka nuna mata. Ku yanke abin da za a riƙa ware wa motar a wata, wanda ba zai taɓa na gida ba, in watan ya zo da wata larura kuma motar ta jira. Ka gaya mata cewa giyar da ka zaɓa ita ce wadda ba ta buƙatar a yanka faranti ko a yi ta gwaje-gwaje, don haka kuɗinta sananne ne tun daga farko.

A makon nan kada ka sayi komai. Ka auna faɗin da ke tsakanin sandunan firam a wurin ƙafa, da nisan bayan injin zuwa inda hannunka ke sauka in kana zaune, ka duba ainihin lambar aksul ɗinka da girman tayarka, ka sake lissafin da lambobinka maimakon nawa. Da ka gama, ka je ka gaida Baba, ka ce masa kana neman hannu ranar da ya samu sarari. Allah ya sa a gama lafiya, ya kuma ƙara masa lafiya da nisan kwana.